Yadda nake bin sawun kowace waya a shagona da lambar IMEI

A kasuwar waya irin Farm Centre ta Kano, yawancinmu da ƙidaya muke lissafi: Tecno goma sun shigo, bakwai sun fita, saura uku. Wannan lissafin ba zai faɗa maka wace waya ce ta tafi hannun wa ba. Aikin lambar IMEI ke nan, wato lambar shaidar waya, domin kowace waya da tata ta fito daga kamfani.

Da kaya sun iso, kafin yaro ya jera su a kanta, nakan ɗauki kwali ɗaya-ɗaya in kwafe lambar da ke jikin takardar da aka liƙa a gefensa. Lambobi 15 ne. Wayar da ke cin layi biyu tana da IMEI biyu, a rubuta duka. A nan yaran shago suke son yin ganda, su rubuta na farko-farko su tsaya. Kada ka yarda. Takwas na farko samfurin wayar kawai suke nunawa, za ka iya samun kwali guda ashirin duk da mafari iri ɗaya. Bambancin yana can ƙarshe.

Littafina layi ɗaya ne ga waya ɗaya: ranar shigowa, dilan da ya kawo, samfuri, IMEI, sai in bar fili don sunan mai saye da ranar da ya saya.

Ranar ciniki, a buɗe kwali a gaban mai saye, a kunna wayar, a danna *#06#. Lambar da ta fito a fuskar waya dole ta dace da ta kwali da ta littafi. Sannan a rubuta ta a rasit. In ya dawo bayan wata biyu yana cewa ta lalace, minti ɗaya ya isa ka gane ko taka ce, kuma ka san dilan da za ka mayar wa.

Wayar da aka riga aka yi amfani da ita kuwa, a nan nake fi tsanantawa, don ita ke jawo wa ɗan kasuwa zuwa ofishin 'yan sanda. Ina rubuta sunan mai sayarwa da lambar wayarsa, in ɗauki hoton katin shaidarsa tare da IMEI. In lambar fuskar waya ta saɓa da ta kwalin da ya kawo, ko ya ƙi nuna kati, ba na saye, komai arharta.