Gajeren Littafi a Tsakiyar Dogon Labarin Gida: Kurakuran da Ke Raba Kan Masu Karatu

Na gaji da ganin abu ɗaya yana maimaita kansa. Marubuciya za ta kwashe watanni tana jan labarin wani babban gida: Alhaji da matansa uku, 'ya'ya, surukai, rigimar gado na ta ƙaratowa. Masu karatu sun saba da mutanen gidan har suna faɗa a kansu. Sai ta ce bari ta fitar da ɗan gajeren littafi a tsakani kafin babban ci gaban ya iso. Yana fita kan mutane ya rabu. Wasu su ce "wallahi ya yi daɗi, babu jan rai", wasu su ce "an ci kuɗinmu, wannan ai ɗanɗano ne". Ita kuma ta hau fushi, wai mutane ba su da godiya. Yawanci kurakurai ne 'yan kaɗan suka jawo, kuma su ɗin dai ne kullum.

A fara wanke gajarta daga zargi, don gajere ba yaro ba ne. Ƙagaggun labaran da suka biyo bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, duk sirara ne, mutum zai cinye ɗaya a zama guda, kuma har gobe ana karantar da su. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500 take karɓa, amma akwai labaran da suka sa mutane hawaye a cikin wannan ɗan fili. Abin da ya kamata a sani shi ne tarbiyyar da mai karatunmu ya samu. Tun shekarun 1980 da littattafan kasuwar Kano suka bunƙasa, an saba masa da na ɗaya, na biyu, na uku, da "mu haɗu a littafi na gaba". Da rubutu ya koma WhatsApp da Wattpad sai labarai suka ƙara miƙewa. Don haka duk abin da kika fitar da sunan gidan da ya sani, a ransa ci gaba ne, sai in ke kika faɗa masa akasin haka.

Babban kuskuren, wanda ya fi kowanne tsada, shi ne sayar da gadar da ke haɗa littattafai biyu a matsayin littafi. Ga yadda ake yi: na biyu ya ƙare Alhaji na kwance a asibiti, na uku zai buɗe da rabon gado, sai a tsinko abin da ke tsakani a sa masa bango da suna. A ciki ana ta zirga-zirgar kai abinci asibiti, ana harare-harare a baranda, ana waya da ɗan da ke karatu a waje. Babu abin da ya fara a littafin, babu abin da ya ƙare a cikinsa. Shafin ƙarshe kuma a rubuta "ku biyo ni". Haba! An gayyaci mutum cin tuwo an miƙa masa miya zalla, sannan ana mamakin ya ɓata rai?

Wannan ya taɓa cina, shi ya sa nake magana da zafi. Wata baiwar Allah da ta biya da katin waya ta turo mini saƙo, babu zagi ko ɗaya a ciki: "Anti, littafi na saya, hanya kika ba ni." Da babban littafin ya fito, mutanen da a da suke rige-rigen biya sai suka koma cewa sai na kammala tukuna. Wasu ma jira suka yi a fitar da shi a sace su karanta kyauta. Amanar da aka yi shekaru ana ginawa ce ta tsage a kan 'yan shafuka, kuma ɗinke ta ya fi rubuta littafin wuya.

Abin da nake yi yanzu, kuma ban ce dole kowa ya bi ba: kafin in rubuta harafi ɗaya sai na iya faɗa wa kaina a jumla guda tambayar da wannan ɗan littafin zai buɗe ya kuma rufe da kansa. In jumlar ta ƙi fitowa, to babi ne, a mayar da shi cikin babban littafi. Sannan ba na taɓa babbar rigimar gidan. Nakan ɗauki mutum ɗaya daga gefe, irin wanda dogon labari ba ya ba shi fili: 'yar riƙon da ke wanke-wanke tana jin sirrin kowa, ko ƙanwar Alhaji da aurenta ya mutu ta dawo ɗakin soro. In ba shi lamari ɗaya, a lokaci ɗaya. Daren da za a kawo amarya, a ɗakin uwargida kaɗai, ya ishi littafi: ta ɗaura sabuwar atamfar kayan faɗar kishiya, ta turara ɗaki, 'yan'uwanta na ta ba ta baki, ita kuma hankalinta na kan ƙarar motoci a ƙofar gida. Kuma tun a talla nake faɗa ƙarara cewa gajere ne, labarin wance ne, wanda bai karanta ba ba zai rasa komai a na uku ba. Kuɗinsa ma ba ya kai na cikakken littafi.

Na biyu a muni shi ne tuban dare ɗaya. Kishiyar da ta kwashe littafi biyu tana bin bokaye, ta raba uwa da ɗanta, sai ga ta a shafi na goma ta yi hatsarin mota, ta farfaɗo tana kuka tana neman gafara, kowa ya yafe, aka rungumi juna. Ko kuma ta haukace ta tona wa kanta asiri a tsakar gida, don marubuciya na sauri. A nan ne ainihin rabuwar kai ke faruwa. Sabuwar mai karatu da ta tsinci littafin daga sama za ta ji daɗi, ta ga an shirya. Wadda ta raka uwargida tun ranar da aka yi mata sharrin farko kuwa ji za ta yi an raina mata hankali. Duk biyun gaskiyarsu suke faɗa. Gajeren littafi ba shi da filin canza halin mutum gaba ɗaya. Iyakarsa ya nuna tsaga guda: muguwar ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon abinci, ta yi jim, ta juya ba ta shiga ba. Wannan ya isa. Sauran a bar wa babban littafi.

Sai kuma abin da ke ba ni kunya a madadin wasu. Kuna rubuta labarin gidan Musulmi Bahaushe, amma ba ku tambayi ko malamar Islamiyyar unguwarku ba. Alhaji ya rasu ya bar 'ya'ya, sai ku ba uwargida rubu'i ita kaɗai. Ina aka taɓa haka? In akwai 'ya'ya tumuni ne, kashi 1 cikin 8, kuma duk matan ne za su raba shi a tsakaninsu. Ku sa ya yi wasiyya da gidan gaba ɗaya ga ɗan lelensa, alhali wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai in sauran magada sun yarda. Ku aurar da matar mamaci bayan sadakar arba'in, alhali takaba wata 4 ce da kwana 10. Ku mayar da mace ɗakinta bayan saki uku don kawai an ba miji haƙuri. Ku ba amarya bazawara kwana 7, alhali 3 ne nata, 7 na budurwa ne. A dogon littafi irin wannan yakan nutse a cikin yawan shafuka. A gajere kuwa sau da yawa a kansa aka ɗora labarin duka, in ya goce komai ya rushe. Kuma masu karatunku matan aure ne, zawarawa ne, wasu sun zauna an raba gado a gabansu. Ba za ku ruɗe su ba.

Akwai ƙanana da ba sa bukatar dogon bayani. Kada a cinye kashi ɗaya cikin uku na littafin wajen tuna baya. Sakin layi biyu sun wadatar. Kada a shigo da sababbin sunaye takwas a littafin da za a gama kafin la'asar. Wadda aka kira Goggo a na ɗaya kada ta koma Inna a nan, don ƙanwar uba daban, ƙanwar uwa daban; haka Baffa da Kawu. Yaron da aka yi sunansa a ƙarshen na biyu kada a same shi a aji uku alhali Alhaji bai bar gadon asibiti ba. Ni ina da tsohon littafin rubutu da na zana gidan a ciki, ɗakin kowa, shekarun kowa, wa ke kiran wa da me, kuma a gefena yake duk lokacin da nake rubutu.

To, littafi ya fita, sharhi ya fara sauka. A nan ne wasunku ke zubar da girmansu. Mutum ya biya kuɗinsa ya ce bai gamsu ba, sai ki cire shi daga zauren WhatsApp, ki bi shi da habaici a sitatus, wai 'yan hassada sun motsa. Wace hassada? Wadda ta saya da kuɗin cefanenta? Wasu kuma su faɗa ɗaya ramin: ƙorafi na yin yawa su ce za su ƙara shafuka, ko su sa a yi ƙuri'a a kan wa jaruma za ta aura. Sai a wayi gari labarin ba na marubuciya ba, ba na masu karatu ba, kuma waɗanda suka yaba shi a yadda yake su ma a rasa su.

Ni ba na buɗe sharhi sai zafin kwanakin farko ya wuce. In na buɗe, rarrabewa nake yi. Mai cewa "ya yi saurin ƙarewa" yawanci daɗi ta ji, godiya nake yi mata in wuce. Masu faɗa a kan uwargida da amarya, kowa da gwanarsa, ba na shiga tsakaninsu ko da wasa, don rigimar tasu alama ce mutanen labarin na da rai. Waɗanda nake zama in karanta da biro a hannu su ne masu cewa "ban gane dalilin da ya sa ta yi haka ba" da masu cewa "to me ya faru ke nan?" Ta farko tana nuna mini inda na tsallake wani mataki a halin mutum, ta biyu tana faɗa mini littafin bai rufe abin da ya buɗe ba. In irin wannan ya fito daga bakin mutanen da ba su san juna ba, ba na gyara wanda ya riga ya fita. A babban littafi na gaba nake biyan bashin, a babin farko-farko, tun kafin su tambaya.