Yadda na hana tuffa yin duhu a haɗin salak

Da shigowar kaka, da sabuwar gyaɗa ta fito, na fara haɗa salak da koriyar tuffa, latas, kabeji, karas da soyayyar gyaɗa, amma kafin a zauna cin abinci sai na tarar tuffar ta koma ruwan ƙasa, kamar wadda ta kwana a buɗe.

Na fara zargin wuƙar, na canza ta, ba abin da ya sauya. Firiji ya ɗan jinkirta abin ne kawai. Lemon tsami kuwa ya yi aiki, sai dai tsaminsa ya danne ɗanɗanon tuffar, ga ganyen latas ya yi laushi.

Ashe iska ce sanadi: da zarar an yanka tuffa, wani sinadari da ke cikinta yana haɗuwa da iskar oksijin, launin ya juya, gishiri kuma yana rage ƙarfin wannan sinadari. Saboda haka na narkar da rabin cokalin shayi na gishiri a kofi ɗaya na ruwan sanyi, ina yankawa ina jefawa ciki nan take, na bar yankakken minti 10. Daga nan na ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, na tsane a kwando, na goge da ƙyalle, domin jiƙaƙƙiyar tuffa ba ta kama mai. Man zaitun da 'yar zuma sai dab da ci na zuba, gyaɗar kuma a ƙarshe don kada ta yi sanyi.

Alhamdulillahi, bayan awa 3 tuffar tana nan fara tas, kuma ba wanda ya ji gishiri a bakinsa.