Yadda Ake Shirya Tafiya Zuwa Gindin Tsaunin K2 da Tsallake Gondogoro La

A arewacin Pakistan, cikin yankin Gilgit-Baltistan, akwai jerin tsaunukan Karakoram, inda K2 yake, tsauni na biyu mafi tsawo a duniya, mai mita 8,611. Hawa ƙololuwarsa aikin gogaggu ne, kuma sai ranar 31 ga Yulin 1954 wasu Italiyawa biyu, Achille Compagnoni da Lino Lacedelli, suka fara taka ta. Wannan bayani ya shafi tafiyar da mai lafiya kuma mai shiri zai iya yi cikin ayari tare da ja-gora: a tashi daga ƙauyen Askole, a bi daskararren kogin ƙanƙara na Baltoro har gindin K2, sannan a tsallake mashigar tsauni ta Gondogoro La, wadda take kimanin mita 5,600 sama da teku, a gangaro ƙauyen Hushe. Daga barin Islamabad zuwa komawa cikinta ana bukatar kusan mako uku, kuma lokacin tafiyar shi ne daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Satumba.

Kafin a yi zancen biza ko kuɗin jirgi, asibiti ya kamata a fara zuwa. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, Jos tana wajen mita 1,200, kuma Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu tsaunin da ya fi shi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ke nan ranar farko a Askole, mai kimanin mita 3,000, mutumin ƙasarmu ya riga ya wuce duk wani tudu da jikinsa ya sani. A saman Gondogoro La kuwa, oksijin da ke shiga huhu a kowane numfashi kusan rabin na bakin teku ne. Saboda haka gwajin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne na genotype, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum yana ɗauke da sikila. Mai ciwon sikila, wato SS ko SC, ba shi da hurumi a wannan hanya ko kaɗan. Mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau har ya manta da batun, yana iya gamuwa da toshewar jini a saifa idan ya hau sama sosai, musamman in ga gajiya da ƙarancin ruwa a jiki, kuma alamarta ciwo ne mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Ja-gora a Baltistan ba lallai ne ya taɓa cin karo da wannan ba, don haka nauyin yana kan matafiyi ya yi gwajin, ya zauna da likita, ya kuma faɗa wa kamfanin gaskiya. A duba zuciya da hawan jini, a kuma tabbatar ba a tashi da zazzaɓin cizon sauro a jiki ba, domin ciwon kansa da kasalarsa suna kama da na ciwon tsauni, sai a rasa wanne ake magani.

Horon jiki ya ɗauki aƙalla wata huɗu, kuma ba gudu ake nema ba, juriya ake nema: tafiyar awa shida zuwa takwas a kan duwatsu da jaka a baya, kwana biyu ko uku a jere, cikin takalmin da za a tafi da shi. Wanda ya sami hali ya gwada kansa a Tsaunin Kamaru da ke Buea, wanda ya ɗan haura mita 4,000, zai san yadda jikinsa ke karɓar sama tun kafin ya kashe kuɗi mai yawa.

Yankin Baltoro yana kusa da iyaka, ba a shigarsa sai da takardar izini da ja-gora mai lasisi, kuma kamfanin da ke da rajista a Pakistan ne yake nema wa matafiyi izinin, shi ne kuma zai aiko da takardar gayyata don biza. A nan ne mutane da yawa ke yin arha ba ta ado. A ganina, jadawalin kwanaki ya fi farashi faɗin gaskiyar kamfani. Ƙa'idar likitocin tsauni ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwana na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Kamfanin da ya cire ranakun hutu don ya rage farashi, daga lafiyar matafiyi ya rage. A tambaye su sau nawa ja-goran ya tsallake Gondogoro La, ko suna ɗauke da wayar tauraron ɗan'adam, da abin da za a yi idan mutum ɗaya ya kasa ci gaba alhali sauran ayari na son wucewa. A tambaye su kuma inshorar 'yan dako da takalmansu da tabaransu. Shi ma matafiyi ya yanki inshorar da ta ambaci hawa har mita 6,000 da ɗauko mara lafiya da jirgi mai saukar ungulu, domin jiragen ceto a can na soja ne, ba sa tashi sai an tabbatar da kuɗi, ba sa tashi kuma idan gari ya rufe.

Daga Islamabad zuwa Skardu, babban garin Baltistan, tafiyar kimanin awa ɗaya ce a jirgi, amma hadari kan sa a soke tashi, sai a koma mota ta babbar hanyar Karakoram a yi kwana biyu. Daga Skardu ana shiga jif a bi kwarin Shigar da gaɓar kogin Braldu zuwa Askole, yini guda a kan hanyar da zaftarewar ƙasa kan datse. A can ake haɗuwa da 'yan dako, mutanen Balti, Musulmi, ƙarƙashin shugabansu da ake kira sardar, wanda matsayinsa ya yi daidai da na madugu a ayarin fatake. Kowane ɗan dako kilo 25 yake ɗauka, ana aunawa a gabansa, kuma ana biyansa ne bisa yawan zangon da aka sani tun kaka da kakanni, ba bisa yawan kwana ba. Wanda ya san wannan ba zai yi mamaki ba idan aka ce tafiyar yini ɗaya zango biyu ce. A ware musu tukuici tun daga gida da kuɗin Pakistan, domin da zarar an fara tafiyar ƙasa babu banki.

Kwanakin farko, daga Askole zuwa Jola da Paiju, zafi da ƙura ne, ba sanyi ba, don haka ake sammako a yada zango kafin rana ta take. A Paiju, mai kimanin mita 3,400, akwai bishiyoyi da ruwa, kuma a al'ada nan ake yini: 'yan dako su yanka akuya, su gasa gurasar da za ta kai su sama, da dare su yi waƙa da rawa. Daga nan ake hawa Baltoro, mai tsawon fiye da kilomita 60. Wanda yake zaton farin fili zai gani zai sha mamaki, domin tsakuwa da ɓaraguzan duwatsu ne suka lulluɓe ƙanƙarar, hawa da gangara ba iyaka, dutse yana motsi ƙarƙashin ƙafa, ruwa yana gudu a ƙasa ana jin ƙararsa ba a ganinsa. Urdukas, wajen mita 4,000, shi ne wuri na ƙarshe mai ciyawa, yana fuskantar tsaunukan Trango. Bayansa, a Goro da Konkodiya, a kan ƙanƙara ake kafa tanti.

Daga nan dabarar tafiya ɗaya ce, sannu. Takun da ya dace shi ne wanda mutum zai iya hira a cikinsa ba tare da numfashi ya sarƙe ba, kuma samari masu ji da ƙarfi su ne suka fi karya wannan ƙa'ida, su ne kuma ake yawan juyowa da su. A sha ruwa lita uku zuwa huɗu a yini, tafasasshe ko tacacce, domin gudawa tana yawan kayar da matafiya a wannan hanya. A ci abinci ko da baki ba ya so. Ɗan ciwon kai da rashin barci abu ne da kusan kowa ke ji, amma idan ciwon kai ya haɗu da amai da jiri, ba a ƙara hawa sai ya lafa. Idan kuwa mutum ya fara haki yana zaune, da tari mai kumfa, ruwa ne ya fara taruwa a huhu. Idan ya fara tangaɗi kamar mashayi, ya kasa tafiya a miƙe ƙafa gaban ƙafa, ko maganarsa ta rikice, ƙwaƙwalwa ce ta kumbura. Waɗannan biyu suna kisa cikin sa'o'i, kuma maganinsu na farko sauka ƙasa nan take, ko da tsakar dare ne, tare da ɗan rakiya. Maganin Diamox yana taimaka wa jiki ya saba da sama, amma likita ne zai rubuta shi, kuma ba ya maye gurbin ranar hutu. Ɓoye wa ja-gora ciwo don kunyar ayari babban kuskure ne, domin daga Konkodiya zuwa hanyar mota kwanaki ne a ƙasa.

Game da kaya, abu uku ba a yi musu rowa: takalmi mai tauri da ba ya shan ruwa, jakar barci da za ta jure sanyin digiri 15 ƙasa da sifiri, da baƙin tabarau mai rufe gefen ido, domin hasken da ke dawowa daga ƙanƙara yana ƙona ido, baƙar fata kuwa ba ta kare shi. Tufafi a sa su hawa-hawa yadda za a iya ragewa ko ƙarawa, kuma a guji na auduga a jikin fata, saboda yana riƙe gumi ya huce a jiki. Da dare a cika gora da ruwan zafi a tura ta ƙasan jakar barci: ta ɗumama ƙafa, da safe kuma a sami ruwan sha da na alwala wanda bai daskare ba. Batiran waya da na tocila su ma a jiki suke kwana. Sauƙin da shari'a ta yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli, da taimama idan ruwa zai cutar, yana da amfani ƙwarai a nan.

Konkodiya, wajen mita 4,600, mahaɗar Baltoro ce da kogin ƙanƙara na Godwin-Austen, kuma daga nan ake fara ganin K2 tun daga gindi har ƙololuwa, ga tsaunin Broad Peak mai mita 8,051 a damansa, ga Gasherbrum na huɗu ya tokare gaba. Zuwa sansanin gindin K2 da dawowa doguwar tafiyar yini ce. Kusa da sansanin akwai tarin duwatsun tunawa da Art Gilkey, Ba'amurken da ya rasu a tsaunin a 1953, inda aka maƙala faranti-faranti na cin abinci da aka sassaƙa wa sunayen waɗanda suka mutu a can.

Tsallake Gondogoro La shi ne inda tafiyar ƙasa ta zama hawan tsauni sosai. Ana kwana a Sansanin Ali, kusan mita 5,000, a tashi wajen tsakar dare, domin a haye kafin rana ta sassauta ƙanƙara duwatsu su fara gangarowa. Kowa zai ɗaura ɗamarar igiya a ƙugu, ya sa hular kwano da tocilar goshi, ya ɗaura wa takalminsa ƙarafan nan masu haƙora da ke cizon ƙanƙara. A koyi ɗaura su tun a Konkodiya da rana, da safar hannu a hannu, domin yatsun da sanyi ya kama cikin duhu ba sa koyon sabon abu. Mutanen Hushe ne ke kafa igiyoyi a mashigar kowace shekara, kuma dokar igiya ita ce kada a cire maƙalli ɗaya sai an maƙala ɗayan a gaba. Idan gari ya waye tas, daga sama ana ganin tsaunuka huɗu da suka haura mita 8,000: K2, Broad Peak, da Gasherbrum na ɗaya da na biyu. Ba a daɗewa a wurin, domin gangarar ɓangaren Hushe ta fi hawan haɗari, tsayayya ce, ga duwatsu sakakku, sai a bar tazara tsakanin mutum da mutum. Zuwa zangon Khuspang ana iya shafe awa goma ko fiye. Idan dusar ƙanƙara ta zuba sabuwa, ja-gora na iya cewa ba za a tsallake ba, sai a koma ta Baltoro, kuma wannan hukunci nasa ne, ba a yin ƙuri'a a kansa. Alfadaran da ke ɗaukar kaya ma ba sa haye mashigar, don haka a rage kaya tun kafin a iso.

Daga Khuspang kwana biyu ne ta Saicho zuwa Hushe, sannan jif ta Khaplu zuwa Skardu. A bar aƙalla kwana biyu ko uku tsakanin ranar da ake sa ran isa Skardu da ranar tashin jirgin komawa gida daga Islamabad, kuma a sayi tikitin da ake iya canza wa rana.