Yadda za ka haɗa kwamfutar gem da ɗan kuɗin da ke hannunka

Duk wanda zai haɗa kwamfutar gem kuma kuɗin nasa ba su taka kara sun karya ba, to ya fara ajiye sha'awar kes (akwatin da ake jera kayan kwamfutar a ciki) mai gilashi da fitilun nan masu canza kala a gefe, fitila ba ta ƙara wa gem gudu ko kaɗan. Kusan rabin kuɗin ka zuba a girafik kad tunda shi ke ɗaukar nauyin hoton, sauran kaya su biyo baya.

In dai a 1080p (hoton Full HD) za ka buga gem irin su FC ko GTA V ko Warzone, girafik kad RX 6600 mai 8GB ya ishe ka, kuma ba ya shan wuta, wat 132 ne. In bai samu ba GTX 1660 Super mai 6GB har yanzu yana taɓukawa. Shi kuwa RX 580 da za ka gani birjik da araha, tun 2017 ya fito, da yawansu an sha haƙar kirifto da su ba dare ba rana, ga kuma wani RX 580 ɗin da ake kira 2048SP wanda a zahiri RX 570 ne aka canza wa suna. Shi ya sa in tokumbo za ka saya, ko a Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village ta Ikeja, wallahi kar ka biya sai an jona shi a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z ka ga ainihin sunansa, a sa FurMark, manhajar da ke gwada ƙarfin kad, ta ɗan yi minti 15 kana kallon zafi kana sauraron fankar ko tana ƙara kamar injin markaɗe. Da allo ya fara fitar da ɗige-ɗige ko layi-layi, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa ka yi gaba.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba sai ka wahal da kanka ba. Ryzen 5 5600 na AMD da madabod (babban bod ɗin da ake jona duk kayan a kansa) B550, ko B450 in an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin (ka tambayi mai shagon tun kafin ka tafi), ko kuma i5-12400F na Intel da madabod H610. Na AMD ba ya hawa bod ɗin Intel, kowa da soket ɗinsa. Furosesan nan dukansu biyun ba su da girafik na ciki, don haka wayar HDMI a jikin kad ake sokawa ba a madabod ba, da yawa nan suke ruɗewa su ɗauka kayan ne suka mutu.

Ram 16GB na DDR4 3200, amma guda biyu 8 da 8, sun fi guda ɗaya mai 16 aiki, in ramukan ram ɗin huɗu ne a madabod ka sa a na biyu da na huɗu sannan ka kunna XMP a BIOS, shi ne saitin da ke sa ram ya yi cikakken gudunsa. Wurin ajiyar gem kuma SSD ɗin NVMe, in da hali 1TB, don 500GB manyan gem uku huɗu sun cinye shi.

Inda ban yarda a yi rowa ba shi ne fawa saflai, wanda ke raba wa kayan wuta, musamman da irin wutar NEPAn nan tamu da za ta zo ƙasa-ƙasa can kuma ta fizgo da ƙarfi. Nemi wat 550 zuwa 650 mai tambarin 80 Plus Bronze (shaidar ba ya ɓarnar wuta sosai) daga kamfanin da aka sani irin su Corsair ko Seasonic, ka duba yana da wayar fin 8 ta girafik kad. Ɗaga shi a hannu, in ka ji shi sakayau kamar ba komai a ciki alhali an rubuta 800W a jiki to mayar musu, irinsu ne in sun tashi ƙonewa suke tafiya da madabod da kad gaba ɗaya. Ka ware kuɗin sitabilaiza ko UPS (mai batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) tun a lissafin farko, balle in da janareta kake kunnawa.

Kes kuma ɗauki mai raga a gaba da fanka biyu ko uku saboda zafin watan Afrilu, kar ka ajiye shi a ƙasa kan kafet, kuma lokacin hunturu duk bayan sati biyu ka cire ragar ka kakkaɓe ƙurar.