Direban Cip ɗin Waya da Memori: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Duk wanda ya taɓa rubuta direba, wato lambar da ke sarrafa wani sashen na'ura, na kyamara, ko na GPU (injin zana hotuna), ko na injin bidiyo a cip ɗin waya, ya san wannan labari. A teburin gwaji komai lafiya lau: an kunna waya, an buɗe kyamara, hoto ya fito nan take. Sai waya ta shiga hannun jama'a, ta yi kwana huɗu ko biyar ba a kashe ta ba, ƙorafi ya fara kwararowa. Kyamara na jan ƙafa kafin ta buɗe, allo na sarƙewa, manhajar da aka bari a baya ta mutu ba gaira ba dalili. Ko layi ɗaya bai canja a direban ba. Memorin da yake tsaye a kai ne ya canja.

A cip ɗin waya RAM guda ce tal, kuma furosesa da GPU da kyamara da injin nuni da modem duk ita suke rabawa. Idan ta yi ƙaranci, Android ba ya da faifan da zai juye shafuka a kai, sai zram, wanda ke matse su a cikin RAM ɗin kanta, furosesa kuma ya biya kuɗin matsewar da lokacinsa. Yawancin kurakuran da ke tafe tushensu ɗaya ne: direba yana rayuwa kamar shi kaɗai ne a wayar.

Neman babban yanki a haɗe ana tsaka da aiki

Kenel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da Android ke zaune a kai, yana raba RAM shafi-shafi, galibi kilobait 4 kowanne, yana kuma ba da su a dunƙule: 1, 2, 4, 8, har zuwa dunƙule mafi girma na shafi 1024, wato megabait 4. Shi kansa kenel yana ɗaukar duk buƙatar da ta haura shafi 8, kilobait 32 ke nan, a matsayin mai tsada. Da aka kunna waya sabuwa fil, manyan dunƙulaye na nan jibge. Bayan kwanaki ana buɗe manhajoji ana rufewa, sai memori ya daddatse. Kana iya samun megabait 500 a sake amma babu ko megabait ɗaya a jere. Idan direba ya kira kmalloc ko alloc_pages yana neman babban yanki a wannan hali, kenel zai tsayar da shi, ya hau ƙwato shafuka da kwashe wasu daga nan zuwa can don ya haɗa masa fili. Wannan tsayuwar ce mai waya ke gani a matsayin sarƙewa.

Kafin a yi maganar gyara, a fara da tambaya: shin na'urar na buƙatar memori a haɗe da gaske? Mafi yawan manyan sassan cip na yanzu suna bayan SMMU, wato IOMMU ɗin ARM, mai fassara wa na'urori adireshin memori, wadda ke jera musu warwatsattun shafuka su gan su a layi ɗaya. In haka ne, a yi koyi da yadda aka tsara babban rumbun DMA-BUF na kenel, inda ake ɗibar bafa, wato yankin memorin da na'urori ke miƙa wa juna: ya gwada neman megabait 1, in babu ya sauka zuwa kilobait 64, in babu ya koma shafi ɗaiɗai, kuma a manyan matakan yana sa __GFP_NORETRY da __GFP_NOWARN don kada ya tsaya jira ko ya cika dmesg, kundin saƙonnin kenel, da kuka. Idan kuwa teburi ne da furosesa kaɗai ke karantawa, kvmalloc ya wadatar. Sai dai a kula, abin da ya fito daga vmalloc ba a miƙa shi ga dma_map_single, domin a zahiri shafukansa ba a jere suke ba.

GFP_ATOMIC a ko'ina

Wani ya taɓa kiran GFP_KERNEL, neman memori mai iya yin barci yana jira, yana riƙe da spinlock, makullin da ba a barci da shi, waya ta daskare, daga ranar ya rantse ya koma sa GFP_ATOMIC a duk inda ya ga kmalloc. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. GFP_ATOMIC ba ya jira, daga ɗan ajiyar gaggawa yake ɗiba, ajiyar da direban sadarwa ma ke dogaro da ita, kuma yana iya dawowa hannu rabbana a daidai lokacin da ba ka da dabara. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ware abin da ake buƙata lokacin probe, wato sa'ad da direba ya fara karɓar na'urarsa, ko lokacin buɗe zaman aiki, a tura sauran aikin zuwa workqueue ko zaren katsewa inda barci ya halatta. A kunna CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP a kenel ɗin gwaji, shi zai nuna inda aka yi barci a haramtaccen wuri.

Kesh: a nan aka fi asara

A ganina babu inda lokaci ke zurarewa a ɓoye kamar kesh, ƙaramin memori mai sauri da furosesa ke ajiye kwafin bayanan RAM a ciki, kuma kuskuren fuska biyu gare shi.

Fuska ta farko ita ce dogaro da dma_alloc_coherent don komai, saboda yana ɗauke wa mutum ciwon kan daidaita kesh. A kan na'urar da ba ta leƙa kesh ɗin furosesa da kanta, kuma irinsu na da yawa a cip ɗin waya, hanyar da kenel ke cika alƙawarin nan ita ce ya kashe kesh a kan yankin gaba ɗaya. Don ƙananan zoben umarni da na'ura da direba ke taɓawa a kai a kai, hakan daidai ne. Amma idan furosesa zai bi hoto bait-bait yana karantawa daga irin wannan yanki, kowane karatu sai ya je har RAM ya dawo. Lamba tana aiki, sakamako daidai, sai dai tafiyar hawainiya, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya da zai tona asiri. Irin wannan bafa ana ware ta da kesh a kunne, a yi mata dma_map_sg, sannan a riƙa daidaitawa da hannu a inda ya dace.

Fuska ta biyu kishiyar ta farko ce: daidaita kesh a inda babu buƙata. Ɗauki firam ɗaya na bidiyo mai girman 3840 da 2160 a tsarin ajiye hoto na NV12. Bait 12,441,600 ne, kusan megabait 12. Layin kesh a mafi yawan furosesoshin ARM na waya bait 64 ne, don haka share bafar gaba ɗaya na nufin bin layi 194,400 ɗaya bayan ɗaya. Yanzu a ce firam ɗin daga kyamara ya fito, ya wuce injin matse bidiyo, ya wuce allo, furosesa bai ko kalle shi ba. Duk da haka kowane direba a hanyar yana share kesh da ya karɓa, ya sake sharewa da zai miƙa, sau 30 ko 60 a daƙiƙa. Aikin banza ne tsagwaronsa, ga cin batir. Maganinsa DMA_ATTR_SKIP_CPU_SYNC ga bafar da ke yawo tsakanin na'urori kawai, a bar daidaitawa sai ranar da furosesa ya zo taɓawa, ta hanyar dma_buf_begin_cpu_access ko DMA_BUF_IOCTL_SYNC daga ɓangaren manhaja. In ɗan kan bayanai kawai za a karanta, dma_sync_single_range_for_cpu zai share wannan gutsuren ya bar saura. Kuma a daina rubuta DMA_BIDIRECTIONAL don lalaci. A faɗi gaskiyar inda bayanai suka nufa, DMA_TO_DEVICE ko DMA_FROM_DEVICE, kenel ya rage wa kansa aiki.

Akwai wani ɗan tarko a nan da ke cinye wa mutum makonni. An saka ƙaramar bafar DMA, wato wadda na'ura ke karantawa ko rubutawa kai tsaye ba ta hannun furosesa ba, a cikin struct, kusa da wani filin da furosesa ke rubutawa, su biyun suka faɗa layin kesh ɗaya. Na'ura ta rubuta nata a RAM, furosesa ya mayar da tsohon layinsa a kai, bayanai suka lalace sau ɗaya a cikin dubbai. Bafar DMA a ware mata nata wurin daban, kuma kada a taɓa ɗora ta a kan stack. CONFIG_DMA_API_DEBUG na kama da yawa daga irin waɗannan.

Ɗaurewa da kwancewa a kowane firam

Ɗaura bafa a SMMU ba kyauta ba ne: ana rubuta teburin shafuka, kwancewa kuma na jawo share TLB ɗin na'urar, wato ma'ajiyarta ta adireshin da aka riga aka fassara. Firam ɗin nan na megabait 12, idan shafi ɗaiɗai aka tattaro shi, ya haura shigarwa 3,000 a teburi. Da manyan dunƙulaye masu megabait 2 aka gina shi, shida sun isa. Bafofin kyamara da na nuni zagayawa suke yi, guda kaɗan ne ake ta maimaitawa, don haka a ɗaure sau ɗaya a farkon zama, a kwance a ƙarshe. Sharaɗin dai shi ne lissafin rai ya zama daidai: kada shafi ya koma hannun kenel alhali na'ura na da hanyar kai wa gare shi. Da yawa daga cikin manyan ɓarakar tsaro da aka samu a direbobin GPU na waya ta wannan ƙofa suka shigo.

Ga wani mai sauƙin gyara da ake yawan mantawa. Idan direba bai kira dma_set_mask_and_coherent ba, ana ɗauka na'urarsa bit 32 kawai take gani. A wayar da RAM ɗinta ya wuce wannan iyaka, na'urar da ba ta bayan SMMU za ta koma bi ta swiotlb, inda ake kwafe kowane bayani zuwa wata bafar tsakiya mai megabait 64 a bisa al'ada. Layi ɗaya ne ke raba ka da wannan kwafe-kwafen.

Rumbun da ba ya mayar da abin da ya ɗiba

Wanda ya gane tsadar neman shafi da goge shi da sifili yakan gina nasa rumbun: in an gama da shafi sai ya ajiye maimakon ya mayar. Dabara ce mai kyau, amma tsugune ba ta ƙare ba idan rumbun ba shi da iyaka kuma ba shi da shrinker, wato hanyar da kenel ke bi ya karɓi shafukansa idan memori ya yi ƙaranci. An rufe kyamara tun safe, direba na zaune a kan megabait ɗari-ɗari, kenel na neman memori ido rufe. Tun da aka cire tsohon lowmemorykiller daga kenel a sigar 4.12, lmkd, mai kashe manhajoji idan memori ya yi ƙaranci, ne ke yanke hukunci, kuma daga Android 10 yana duba PSI, ma'aunin matsin memori da ya shiga Linux 4.20 a 2018. Shi lmkd bai san da rumbunka ba. Matsi kawai yake gani, sai ya kashe manhajar wani bawan Allah da ba ruwanta.

A yi wa rumbun rufi, a yi rajistar shrinker mai count_objects da scan_objects, a kuma lissafa shafukan a NR_KERNEL_MISC_RECLAIMABLE don su fito a KReclaimable cikin /proc/meminfo maimakon su ɓace a lissafi. A cikin shrinker kuma a yi hattara da makulli. Kenel na iya kiransa daga cikin neman memorin da direban da kansa ya yi yana riƙe da makullin, sai ya zauna jiran kansa har abada. A yi amfani da mutex_trylock, in bai samu ba ya dawo da SHRINK_STOP.

Killace fili, da CMA

Ga na'urar da dole sai memori a haɗe, hanya mafi sauƙi ita ce a killace mata yanki a device tree, fayil ɗin da ke bayyana wa kenel sassan na'ura, tun daga kunnawa. Sauƙi gare ka, asara ga waya, don filin na zaune ko ana amfani da shi ko ba a yi. Saboda haka ne injiniyoyin Samsung suka kawo CMA, wanda ya shiga Linux 3.5 a 2012: kenel na ba da aron yankin ga shafukan da za a iya kwashewa, in na'ura ta zo sai a tashe su. Tashin na ɗaukar lokaci, don haka ba a kiran CMA a tsakiyar firam. Kuma shafi ɗaya da wani direba ya kafe da get_user_pages ya ƙi saki ya isa ya hana a samu yankin. Mai niyyar riƙe shafin manhaja na dogon lokaci ya yi amfani da pin_user_pages tare da FOLL_LONGTERM, kenel zai fitar da shafin daga CMA kafin ya kafe shi.

Wanda har yanzu lambarsa ke jingine da ION, tsohon mai raba wa na'urori memori a Android, ya sani an cire shi daga babban kenel a 5.11, rumbunan DMA-BUF da suka shigo a 5.6 ne suka gaje shi. Haka kuma duk inda aka rubuta 4096 ko aka matsa adireshi da bit 12 da hannu, a mayar da shi PAGE_SIZE da PAGE_SHIFT, domin daga Android 15 akwai wayoyi masu shafin kilobait 16. A irin wannan waya, ba wa ƙaramin abu mai bait 200 cikakken shafi ɓarna ce ninki huɗu, gara dma_pool ko kmem_cache.

Awo a wayar da ba ta gaji ba

Duk gyaran da ke sama ba ya tabbata sai an auna, kuma a wurin awon ma ana tafka kuskure. Ana auna matsakaicin lokaci, alhali allon da ke sabuntawa sau 120 a daƙiƙa milisakan 8.3 kawai yake ba kowane firam. Kira 999 masu sauri ba sa goge guda ɗaya da ya tsaya milisakan 40, shi ɗin ne ido ke gani. A duba mafi munin lokuta. Ana kuma auna gudu da KASAN ko kmemleak a kunne, alhali su na farautar ɓaraka da yoyo ne, suna kuma rage gudu sosai, sai lambobin su zama ƙarya. A raba kenel biyu, ɗaya na farauta, ɗaya na awo.

Kafin a danna agogo, a gajiyar da wayar tukuna. A buɗe manhajoji masu nauyi a rufe, a sake buɗewa, har ginshiƙan dama na /proc/buddyinfo su koma sifili ko kusa da shi, /proc/pressure/memory kuma ya fara motsi. Sannan a buɗe kyamara, Perfetto, manhajar bin sawun aikin tsarin, na naɗar mm_vmscan_direct_reclaim_begin da mm_compaction_begin. Idan zaren direbanka ya bayyana a ƙarƙashin ɗayansu, to ga layin da za a fara gyarawa nan. Bayan an rufe kyamarar kuma a leƙa /sys/kernel/debug/dma_buf/bufinfo, a ƙirga bafofin da suka rage, a gwada da adadin da ke nan kafin a buɗe.