Yadda za ka kai iyalinka bakin tekun Butre, kusa da Busua a ƙasar Gana

Mutanenmu na Abuja da ke kai iyali bakin teku karo na farko kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe: suna ɗaukar teku kamar tafkin Jabi ne da ya ƙara faɗi. A kan wannan zan fi tsayawa, amma sai an isa tukuna.

Busua ƙaramin gari ne a yammacin Gana, kimanin kilomita 30 gaba da Takoradi, ya yi suna wajen masu hawan igiyar ruwa da allo. Ƙarshen mako akwai kiɗa da hayaniya. Mai mata da yara ya kama masauki a Butre, ƙauyen masunta da ke kamar kilomita 3 gabas da Busua, inda kogi ke shiga teku. Busua a je ta da rana, a yi kallo, a dawo.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka har kwana 90. Fasfo dai kowa da nasa, har na goye. Abin da ke mayar da mutane gida shi ne rashin katin rigakafin shawara. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka kada ka bari sai ana jibi tafiya. Kuma kada ka sayi kati a hannun wani ba tare da an yi allurar ba, lafiyar 'ya'yanka ce. Kuɗi kuwa, ni a Zone 4 na Wuse nake sayen dala, in canza zuwa sidi, kuɗin Gana, a Akara. Kada ka dogara da katin bankinka shi kaɗai.

Ku tafi tsakanin Nuwamba da Maris. Mayu da Yuni ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya a wannan yankin. Ku kauce wa Kirsimeti, Ista da makon 6 ga Maris, ranar 'yancin Gana, idan shiru kuke nema. Daga Akara ku shiga motar Takoradi a Kaneshie da asuba, kafin cunkoson Kasoa, garin da ke kan hanya gaba da Akara, ya kama ku. Daga Takoradi sai Agona Nkwanta, daga nan tasi. Da yara, ɗauki shata kawai, 'yan kuɗin da za ka rage a motar haya ba su kai wahalar ba. Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, ka gyara saboda lokutan salla.

To, ga ruwan. Ranar farko kada kowa ya shiga sai ka tsaya a kan yashi ka yi kallo kamar minti 10. Za ka ga igiya tana fashewa da farin kumfa dama da hagu, sai a tsakiya wani wuri ya yi lumui, ruwansa ya ɗan fi duhu, ba kumfa. Baƙo da ya ga wannan sai ya ce, "Hajiya, kawo yaran nan, nan ya fi kwanciya." Nan ne mafi haɗari a duk gaɓar. Ruwan da igiyoyi suka tunkuɗo bakin gaɓa ta wannan hanyar yake komawa teku, da ƙarfin da ko gwanin iyo ba ya iya ja da shi. Idan ka lura za ka ga yashi da tarkace suna bin wurin suna yin ciki. Masu allo da gangan suke bi ta nan don ya kai su tsakiya ba wahala, saboda haka ganin sun shiga ba hujja ba ce gare ka.

Idan ruwan ya ja mutum, kada ya yi ta kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta a kan ruwa, ya ɗaga hannu, in yana iya iyo ya yi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga layin, sannan ya nufo tudu. Kai kuma uba, kada ka faɗa bayansa hannu rabbana. Yi ihu, kira masu allo ko masunta, jefa masa duk abin da ke yawo a kan ruwa. Ka gaya wa yaranka wannan tun a Abuja, ka maimaita a mota.

Dokata ga ƙananan yara: ruwa kada ya wuce gwiwa, babba yana kusa yadda hannunsa zai kai, fuskarsa na kallon teku, waya tana cikin jaka. Balan-balan ɗin ninkaya da ake hurawa a bar shi gida, iska ce ke ɗaukarsa da yaron. Rigar ceto ta gaske za ka saya. Iyaye mata kuma, doguwar abaya da babban hijabi idan suka jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa, igiya ɗaya ta kayar da mutum. Dogon wando da riga mai sauƙi zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi sun suturta, kuma ba sa riƙe ruwa. Sannan teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, wurin da ya yi daidai da hantsi ba lallai ya yi da la'asar ba. Kullum ka tambayi mai masauki ko masunta inda za a shiga, bakin kogin ma haka. A Busua ku nisanci inda masu koyon allo suke, allon da ya kuɓuce yana fasa goshi.

Saura mai sauƙi ne. Ku hau tudu ku ga ganuwar Batenstein da Holandawa suka gina a 1656, ku shiga kwale-kwale cikin kogi da rigar ceto. Abinci ku tsaya kan kifin da kuka ga an fito da shi, ku ce kada a haɗa kasko da wani nama. Kilishi da garin kunu daga gida suna rage kashe kuɗi. Juma'a a yi ta a Takoradi, a Zango za ka sami masu jin Hausa. Gidan sauro dole ne, kuma ranar komawa ku kwana a Akara, kada ka haɗa hanyar Kasoa da jirgi a yini ɗaya.