Yadda Ake Zaɓen Na'urar Kalsiyam Don Akwatin Murjani a Yamai

Mai kiwon murjani a Yamai ya san teku ta yi mana nisa. Daga nan zuwa Kwatano kusan kilomita 1,000 ne, shi ya sa duk abin da murjani, wannan halitta mai rai ta cikin teku, zai samu a can, kai ne za ka ba shi a cikin akwatin gilashi. Murjani mai tauri, irin su Acropora da Montipora, yana zuƙe kalsiyam da kabonet daga ruwa yana gina ƙashinsa. Na'urar kalsiyam ita ke mayar da abin da ya zuƙe: tulu ne cike da tsakuwar aragonit (dutse mai kalsiyam da kabonet), ana busa masa iskar CO2 daga tukunyar gas, ruwan ciki ya yi tsami, pH (ma'aunin tsamin ruwa) ya sauka wajen 6.5, tsakuwar ta narke a hankali, ruwan ya riƙa ɗiga cikin akwati.

Da farko, kada ka sayi komai sai ka auna. Kwana 3 a jere, lokaci ɗaya kullum, ka gwada KH (ma'aunin kabonet na ruwa) ba tare da ka zuba wani magani ba. Ana son KH tsakanin 7 da 11, kalsiyam 380 zuwa 450, magniziyam 1,250 zuwa 1,350. In abin da ke raguwa kaɗan ne, ko murjaninka mai laushi ne, ajiye kuɗinka. Zuba ruwan sinadari kashi biyu, ɗaya na kalsiyam ɗaya na kabonet, ya ishe ka. In kuwa KH na faɗuwa da maki 1 ko fiye kullum, kana ta zubawa ba ka cim masa, to lokaci ya yi.

Na biyu, girman tulu. Litar da aka rubuta a kwali ba ta san yawan murjaninka ba. Ni dai na fi son wanda ya ɗan fi buƙatata, domin murjani girma yake, tsakuwa kuma daga waje ake odarta. Duba murfin da kyau, ya zama mai buɗuwa da hannu, roba mai hana yoyo kuma ana samun irinta.

Sai wuta, kuma nan ne mutanenmu suka fi asara. Kuran ɗinmu volt 220 ne, na Amurka 120, don haka kayan Turai kamar Deltec ko Tunze sun fi dacewa da mu. Lallai ne bawul ɗin iskar ya zama mai rufe kansa da an ɗauke wuta. Ka kuma sa ɗan bawul mai hana ruwa komawa baya a tiyon iska. Ni ban sa ba da farko. Wata rana a Afrilu wuta ta tafi, da na dawo na tarar ruwan gishiri ya bi tiyo ya hau har kan tukunyar gas, wato na'urar daidaita iskar, cikin sati ɗaya tsatsa ta cinye shi.

Kafin ka yi oda, nemi inda za a cika maka tukunya, kamar wajen masu cika na'urar kashe gobara. Tabbatar CO2 ce zalla, ba gauraye da argon na masu walda ba. Bakin tukunyar Amurka da na Turai ba ɗaya ba ne, ka ga naka da idonka tukuna. A bazara, da zafi ya wuce digiri 40, kada ka bar ta a rana ko cikin mota.

Ƙaramin famfo mai tura ruwa ɗigo-ɗigo ya fi matse tiyo, wanda ke toshewa ba ka sani ba. In ɗakin rufe yake kullum saboda kilim, pH na akwatin kan yi ƙasa, sai ka zaɓi na'ura mai tulu na biyu, wanda ke rage ragowar iskar kafin ruwan ya shiga.

Ran da ka kunna, fara da kumfa kaɗan, misali 10 a minti. Auna KH kullum, ka canza abu ɗaya kawai, ka jira kwana 2 kafin ka sake taɓa wani.